Fashin Baƙi: Dalilin Da Ya Sa Fuska Ke Fitowa Dishi-Dishi A Hoto

Duk mai riƙe da kyamara a Jos ya san wannan takaicin. An tashi daga biki ko suna, an dawo gida an zuba hotuna a kwamfuta, sai a tarar wanda ya fi kowanne tsari, wanda amarya ta ɗago kai ta yi murmushi, shi ne fuskar ta fito dishi-dishi. A ɗan sikirin na bayan kyamara kuwa fes ya nuna, domin ƙanƙantarsa tana ɓoye aibu. Abin da ke fara zuwa zuciya shi ne kyamarar ta tsufa ko gilashinta ba mai kyau ba ne, sai a shiga lissafin kuɗin sabo, a fara zagayen shagunan titin Ahmadu Bello ko a aika tambayar farashi Banex a Abuja. A ganina, mafi yawan lokaci ba a nan gizo ke saƙar ba. Abubuwan da ke dusashe hoto iri-iri ne, kowanne yana barin tasa alamar a jikin hoton, kuma wanda ya iya karanta alamar ya huta da sayen abin da ba zai gyara masa komai ba.

Kafin ka taɓa kowane maɓalli, buɗe hoton da ya ɓaci a babban sikirin, ka zuƙo shi, ka nemi amsar tambaya ɗaya: akwai wani wuri a cikinsa da ya fito tar? Idan aikin hula ko kunne ko bangon da ke baya ya fito garau amma ido bai fito ba, to kyamarar ta yi fokas, sai dai ba inda kake so ba. Idan bango da kujeru sun tsaya lafiya, mutumin ne kaɗai ya yi jirwaye, musamman hannu da leɓe, to shi ne ya motsa. Idan babu abin da ya fito tar ko ɗaya, kuma gefen kowane abu ya rabu biyu ko ya ja zare zuwa ɓangare guda, hannunka ne ya girgiza. Idan kuwa komai ya yi laushi daidai wa daida, babu jan zare, kamar an shafa masa hazo, sai a waiwayi datti a gilashi, ko yawan ISO, wato ƙarfin da kyamara ke ƙara wa hasken da ta kama, ko hanyar da aka bi aka turo hoton. Bayan haka ka duba bayanan da kyamara ke rubutawa a cikin kowane hoto: saurin shota, lambar ƙofar haske wadda ake rubutawa da f (gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon faɗin ƙofar), da kuma ISO. A kyamara maɓallin INFO ko DISP ne ke nuna su, a waya kuma sai a ja hoton sama. Lambobin nan uku su kan tona asirin abin da ya faru.

Mu fara da saurin shota, don shi ne ya fi cin mutane a ɗakunan taro. Shota ita ce labulen da ke buɗewa ya bar haske ya faɗa kan sensa, wato ɓangaren da ke kama hoton a cikin kyamara, sannan ya rufe. Duk motsin da aka yi a tsakanin buɗewa da rufewa, hoto zai ɗauke shi. Idan haske ya yi ƙaranci kuma kyamara tana kan tsarin sarrafa kanta, abin da take yi shi ne ta tsawaita lokacin, ta sauka zuwa 1/30 ko 1/15 na daƙiƙa ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Akwai tsohuwar ƙa'ida da masu hoto ke bi: kada saurin shota ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashi. Gilashi mai 50mm yana son aƙalla 1/50, mai 200mm yana son 1/200. To amma an gina ƙa'idar ne a kan babban sensa mai girman fim ɗin 35mm. Yawancin kyamarorin da matasa ke farawa da su masu ƙaramin sensa ne, sai an ninka tsawon da 1.6 a Canon, ko 1.5 a Nikon da Sony. Ke nan 50mm a kan Canon 600D tamkar 80mm yake. Ni dai na fi son a ninka abin da ƙa'idar ta bayar sau biyu, saboda sensa mai megafiksel 24 tana nuna girgizar da fim ba ya nunawa. Ga kuma sanyin Jos a Disamba da Janairu. Garin yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma wanda ya fita ɗaukar hoto da sassafe a hunturu ya san yadda hannu ke rawa ko bai so ba. A matse gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, tafin hagu ya tallafi gilashin daga ƙasa, a danna maɓallin a hankali ba a doke shi ba.

Wannan duka maganar girgizar hannunka ce. Motsin wanda ake ɗauka lissafinsa daban, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa da fasahar hana girgiza, wadda Canon ke rubutawa IS, Nikon VR, Sony OSS. Fasahar tana rage rawar hannun mai kyamara ne kawai. Ba ta da ikon tsayar da yaron da ke juye-juye ko ƙawayen amarya da ke rausaya. Babban mutum da ya zauna ya natsu, 1/125 ya ishe shi. Yara da masu magana ko dariya, a nemi 1/250. Rawa da liƙi a fili, 1/500 ko sama.

Sai tambaya ta taso: ina za a samo hasken? A nan ne nake ganin tsoron ISO ya yi wa mutane illa. An koya wa masu farawa cewa ɗaga ISO yana kawo tsaki-tsaki a hoto, gaskiya ne, amma sai suka riƙe 400 kamar doka, shota kuma ta faɗi zuwa 1/30. Daga 1/30 zuwa 1/250 ninkawa ce sau uku, wato 60, 125, 250, don haka ISO ma sau uku za a ninka shi: 800, 1600, 3200. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki a ISO 3200 wanda ido ya fito tar ana iya tace shi a kwamfuta, a buga shi, mai shi ya rataya a falo. Wanda ya yi jirwaye a ISO 400 kuwa babu abin da za a yi masa. Kyamarori da yawa suna barin ka sa ISO ya sarrafa kansa, ka kuma gindaya masa cewa shota kada ta gaza 1/200. Ko kuma ka juya zuwa tsarin Tv a Canon, S a Nikon da Sony, ka zaɓi saurin da kanka.

Filasha ma hanya ce, kuma hikimarta ita ce walƙiyar gajera ce ƙwarai, sau da yawa ba ta kai 1/1000 na daƙiƙa ba, sai ta daskarar da motsi ko da shota tana kan 1/160 ko 1/200. Sai dai idan fitilun ɗakin suna da ƙarfi kuma shota ta yi jinkiri, za ka ga fuska tar da wata inuwa tana bin ta a gefe. Idan silin fari ne kuma bai yi nisa ba, a juya kan filasha sama hasken ya dawo da laushi. Gilashi ma yana da nasa hannun. Wanda ke zuwa tare da kyamara, 18-55mm, idan an zuƙo shi zuwa 55mm ƙofarsa ba ta wuce f/5.6. Ƙaramin 50mm f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan. Shi ya sa ake ba duk mai son hoton fuska shawarar sayensa.

To amma da zarar an saye shi, sabuwar matsala ta kunno kai, kuma ita ce na fi son a tsaya a kanta. Kowa na son bayan hoto ya narke, mutum ya fito shi kaɗai, sai a buɗe ƙofar haske har ƙarshe a bar ta a f/1.8 dare da rana. Abin da ba a lura da shi ba, fokas ba ya kama mutum gaba ɗaya. Yanki ne siriri a tsaye, kamar yankan biredi guda, abin da ya faɗa cikinsa ya fito, abin da ke gaba ko baya ya dusashe. Kaurin yankin nan ya dogara da abu uku: girman ƙofar haske, tsawon gilashi, da nisanka da mutumin. Da 50mm a f/1.8 kan ƙaramin sensa, idan kana nisan mita ɗaya da rabi, kaurin bai wuce kimanin santimita 6 ba. Haka ma 85mm a f/1.8 kan babban sensa a nisan mita 2, kusan santimita 6 ne. Daga kan hanci zuwa kunne kuwa ya fi santimita 10. Wato idan fokas ya sauka kan hanci, ido ya fara fita daga yankin. Idan mutumin ya ɗan karkata, ido ɗaya ya fito, ɗayan ya dusashe. Idan ango yana tsaye bayan amarya da taki guda, dole ɗayansu ya tafi.

Maganin ba wuya. Rufe ƙofar zuwa f/4 a wancan nisan yana kai kaurin wajen santimita 13 ko 14. Ja da baya ya ma fi tasiri, domin idan ka ninka nisa sau biyu, kaurin yana ƙaruwa kusan sau huɗu. Mutum biyu, a jera idanunsu a layi ɗaya ko a koma f/4. Hoton dangi mai sahu biyu ko uku, f/5.6 zuwa f/8. Akwai kuma ribar ƙafa: yawancin gilasai ba sa nuna iyakar kaifinsu a buɗe har ƙarshe, sai an ɗan rufe su, don haka 50mm ɗin nan a f/2.8 ya fi kansa kyau a f/1.8, bayan kuma har yanzu yana narkewa, musamman idan ka nisanta mutumin daga bango. Kada dai a zarce. Daga f/16 zuwa f/22 haske yana watsuwa a bakin 'yar ƙofar, hoton duka ya sake yin laushi.

Sai batun inda kyamara ke ɗora fokas. Idan ka bar mata zaɓi, abin da ya fi kusa take bi, ko abin da ya fi bambancin haske da duhu. A tufafinmu kuwa irin wannan ba ya ƙarewa: aikin wuyan babbar riga, zanen hula, leshi mai duwatsu, bakin mayafi mai ƙyalli, hannun amarya da ya sha lalle an ɗaga shi gaban fuska. Duk waɗannan sun fi fatar kunci jan hankalin na'urar, ballantana a ɗaki mai duhu. Shi ya sa ake samun hoton da ana iya ƙirga zaren hula amma idon mai hular ya ɓace. A ƙwace zaɓin daga hannunta, a koma ɗigon fokas guda ɗaya, a ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da kyamara. Mai kallo ido yake fara nema, idan ya same shi tar zai yafe kunne da kafaɗa. Sababbin kyamarori marasa madubi suna gane ido da kansu su bi shi, kuma sun sauƙaƙa aikin sosai, sai dai a cikin taro su kan kama idon wani daban, don haka a riƙa lura da wanda akwatin ya hau.

Masu tsofaffin DSLR, wato kyamarori masu madubi a ciki, suna da wata dabara: su yi fokas da ɗigon tsakiya, su riƙe maɓallin rabi, sannan su karkata kyamarar su tsara hoton. Suna da hujja, domin a irin Canon 600D mai ɗigo 9 da Nikon D3500 mai ɗigo 11, na tsakiya ne kaɗai ke karanta layi a tsaye da a kwance, ya fi sauran kamawa a duhu. Amma dabarar tana da farashi idan ƙofar haske a buɗe take. A nisan mita 2, karkata kyamara da digiri 10 yana tura yankin fokas baya da ido da kimanin santimita 3. A misalin 85mm da muka kawo, wannan shi ne rabin kaurin gaba ɗaya. Ƙara da ɗan rangajin da jikinka da na mutumin ke yi wajen numfashi, ido ya fita daga yankin fokas. A f/5.6 babu wanda zai lura, a f/1.8 kuwa gara a matsar da ɗigon zuwa kan idon.

Haka nan a duba tsarin fokas ɗin kansa. One Shot a Canon, ko AF-S a Nikon da Sony, yana kamawa sau ɗaya ya kulle, ya dace da wanda ya tsaya cak. Idan amarya tana takowa zuwa gare ka, kafin ka ƙarasa dannawa ta bar wurin da aka kulle. A nan AI Servo ko AF-C ake so, mai bin mutum muddin yatsa na kan maɓallin. A ɗauki uku ko huɗu a jere, galibi na tsakiya ya fi fitowa.

Yanayin garin ma yana shiga ciki. Ƙurar hunturu tana kwanciya a fuskar gilashi, idan ta haɗu da shatin yatsa sai hoto ya yi fari-fari, ya rasa kaifi, musamman idan rana tana gaba. A fara hure ƙurar da 'yar robar hura iska kafin a goge da ƙyalle mai laushi, domin goge ta a bushe da gefen riga karce gilashi yake yi. Filta mai araha da ake ɗaurawa don kariya ita ma ta kan rage kaifi, cire ta ka gwada ka gani. Masu son hoton faɗuwar rana a Rayfield ko gindin duwatsun Shere su san cewa idan rana tana bayan mutum kai tsaye, fuska tana duhu, fokas ya yi ta kai da kawo bai kama ba. A ɗan gusa gefe ranar ta fita daga cikin gilashi, a sa wa gilashin hularsa mai kare haske, ko a haska fuskar da farin kwali. Da damina kuma danshi ne abin tsoro. Gilashin da aka bari cikin jaka a rufe yana iya yin fumfuna daga ciki, wadda ake gani kamar saƙar zare idan an haska shi da tocila. A ajiye shi a busasshen wuri tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi.

Waya ma dokokin nan ne ke kanta, illa dai tana ɓoye su. Gilashinta yana shan maiƙon hannu da na aljihu, goge shi kaɗai yana gyara hotuna da yawa. A taɓa fuskar a sikirin don ta san inda ake so, idan aka danne na ɗan lokaci ta kulle. Zuƙowa da yatsu biyu, in ba wayar tana da gilashin nesa na musamman ba, yanke hoton kawai take yi ta faɗaɗa, gara ka taka ka matsa. Tsarin dare hotuna da yawa yake ɗauka ya haɗa, don haka sai mai ɗauka da wanda ake ɗauka sun tsaya cak. Narkewar baya ta tsarin Portrait lissafin manhaja ne, shi ya sa take cinye gefen gwaggwaro da bakin mayafi da hannun tabarau. Kyamarar gaba a wayoyi da yawa ba ta ma motsa fokas, an kafe ta a nisan hannu, ko iPhone sai a 2022 ta sami mai motsi a gaba. Sannan ga tsarin gyaran fata da ke zuwa a kunne a wasu wayoyin, yana goge fuska har ta koma kamar roba, mutum ya ɗauka fokas ne bai yi ba.

Akwai kuma hoton da ya bar hannun mai shi lafiya, a hanya ya lalace. Mai hoto ya tura ta WhatsApp, manhajar ta matse shi, uwar biki ta ɗora a sitatus, ƙanwarta ta ɗauki hoton sikirin ta tura wa wata, sai ga kira: "Malam mai hoto, ai aikin nan bai fito ba." Tun 2023 WhatsApp ta ƙara zaɓin HD, amma shi ma yana ɗan matsewa. Wanda ke son hoto ya isa yadda yake, ya tura shi a matsayin fayil. Manhajojin da ke alkawarin dawo da hoton da ya dusashe kuwa, ina ɗari-ɗari da su. Ɗan laushi kaɗan suna iya gyara shi. Idan ido ya ɓace gaba ɗaya, ƙirƙiro wani suke yi, a wayi gari da fuska tar wadda 'yan gidan ke cewa ba ta yi kama da mai ita ba.

Duk da haka, wani lokaci laifin na kayan aikin ne da gaske, kuma akwai hanyar tabbatarwa. A DSLR, na'urar da ke auna fokas daban take da sensa, tana ƙasan madubi, don haka idan suka ɗan saɓa, fokas zai riƙa sauka gaba ko baya da inda aka ɗora shi a kowane hoto. A kafa kyamara a kan mazauninta mai ƙafa uku a wuri mai haske, a sa ta ɗauka bayan daƙiƙa 2 don kada hannu ya taɓa ta. A jera batura biyar a karkace, kowanne yana ɗan bayan ɗan'uwansa, a buɗe ƙofar haske duka, a yi fokas kan na tsakiya ta tagar leƙawa. Sannan a maimaita ta sikirin, wato Live View, inda sensa ce da kanta ke aunawa. Idan na sikirin ya fito tar, na tagar leƙawa kuma kullum baturin gaba ko na baya yake kamawa, an gano saɓanin. Manyan kyamarori suna da wurin gyara shi a cikin menu, AF Microadjustment a Canon, AF Fine Tune a Nikon. Ƙananan irin 600D da D3500 ba su da shi, sai dai a kai wa mai gyara kyamarar da gilashin tare. A duba 'yar ƙaramar tayar da ke gefen tagar leƙawa ma, wadda ke daidaita ta da idon mai kallo. Idan ta goce, za ka ga komai dishi-dishi a tagar alhali hoton lafiya yake, kuma mai juya fokas da hannu zai yi ta kuskure. Gilashin da ya taɓa faɗuwa kuwa alamarsa a fili take: ɗauki bangon bulo kai tsaye a f/4, idan ɓangare ɗaya ya fito tar ɗayan ya dusashe a kowane gwaji, wani abu ya goce a cikinsa, kuma wannan aikin mai gyara ne.